Wata Bakwai Ina Kallon Gabas

Ni mutumin Kebbe ne, amma a Tambuwal na koyi gyaran inji, a can na yi aure, a can na kafa rumfa. Janareto, injin niƙa, injin ban-ruwa na masu albasa, duk abin da ke shan mai yana tari, ni ake kawo wa. Har na kusa shekara arba'in ruwa mafi girma da na sani shi ne na fadama in damina ta yi kyau, shi ma ban taɓa shiga ya wuce mini gwiwa ba. Saboda haka in na ce na yi shekara guda ina kwana ina tashi a cikin jirgin ruwa, a bakin wani tsibiri a Tekun Indiya, masu zama a rumfata sukan kalli juna. Ba na jin haushinsu. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin, kallon da zan yi masa ke nan.

Wani Bature ne sila. Ya yi shekaru yana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu, daga Tambuwal har Fakku, ni nake kula masa da injuna. Yana jin Hausa irin ta wanda ya koya da girma, mace ya ce mata kai, namiji ya ce masa ke, ko a jikinsa. Da ya tsufa ya ajiye aiki, maimakon ya koma garinsu ya zauna kamar kowane dattijo mai hankali, sai ya sayar da gidansa ya sayi jirgin ruwa. Bayan shekara biyu ya bugo mini waya. Ƙugunsa ya lalace, likitoci za su yi masa aiki a ƙasarsu, zai daɗe yana jinya, kuma ba ya so ya bar jirgin a hannun wanda bai sani ba. Shi ya yi mini takardu, shi ya aiko da tikitin jirgin sama.

Kafin na tafi na je Kebbe yin sallama. Babana manomi ne mai 'yan shanu, kuma tun ina yaro shi ke share masallacin unguwarmu, shi ke cika randar alwala, ba wanda ya sa shi. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce da ƙanena, "Kira wancan." Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na durƙusa na gaya masa. Bai ɗago ba.

"Ruwa kac ce?"

"Ruwa, Baba."

"To. Ko ina kat tafi, ka riƙa duban gabas. Shi kaɗai nika gaya maka."

Na ce in sha Allahu. Wannan ita ce doguwar hirar da muka yi, ya ci gaba da igiyarsa, ni kuma na hau babur na koma Tambuwal.

Jirgin bai kai tsawon tirela ba. A tsakiyarsa akwai dogon ƙarfe tsaye ya fi falwaya, a jikinsa ake ɗaga manyan ƙyallaye biyu, iska ta cika su ta tura jirgin. Akwai inji, amma na shiga da fita ne kawai, da cajin batir in sola ta gaza. A ƙasa akwai ɗaki mai gadaje biyu, da murhun gas da aka rataye shi yana lilo don kada tukunya ta kife, da bayi wanda in ka shiga ba ka iya juyawa sai ka fito da baya. Ba a bakin gaɓa yake ba. Can tsakiyar mashigin ruwan yake tare da wasu jirage kamar ashirin irinsa, kowanne ya jefa ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe a ƙasan teku da sarƙa. In za ka je tudu sai ka shiga ƙaramin kwalekwalen roba mai inji. Tsibirin kuwa dutse ne kore shar, da kwakwa har bakin ruwa, da titi guda ɗaya, da coci mai fentin fari. Ban ga masallaci ba, ban kuma ji kiran salla ba.

Mako biyu mai jirgin ya yi yana koya mini, yana jan ƙafa da sanda. Ya nuna mini famfon da ke kwashe ruwan da ke taruwa a cikin jirgin. Ya nuna mini yadda zan sa ido kan wata bishiya da rufin coci, in na ga sun bar inda suke, to ƙugiya ta tsinke daga ƙasa, jirgi yana tafiya, in tada inji nan take. Doka ɗaya ya kafa mini, kada na bar jirgin ya wuni shi kaɗai. Ran da zai tafi ya shafa sitiyarin, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ke ki kula da shi." Na ce na ji.

Abin da ya fara ba ni wahala ruwa ne, ni da nake zaune a kan ruwa. Na sha yana cikin tanki, in ya ƙare sai ka ɗauki jarkoki ka je famfon tudu, ka dawo ka jawo su sama da igiya. Na koyi wanka da kofi huɗu. Na koyi wanke kwano da ruwan gishiri, in ɗauraye da ɗan kaɗan na tanki. In hadari ya haɗo, sai ka ga duk mutanen jiragen sun fito suna shimfiɗa tamfol suna tara bokitai, tsofaffi da furfura suna tsalle a cikin ruwan sama da sabulu a hannu. Gishiri kuwa ba abin da ya bari. Sifanar kwance noti da na zo da ita daga gida, wadda ta yi shekara goma ba ta canja launi ba, cikin wata guda ta yi jawur. Rigunana suka yi fumfuna a cikin jaka. Zif ɗin wandona ya ƙi motsi har na haƙura na sa masa maɗauri.

Maƙwabtana sun daɗe suna ɗaure mini kai. Mutane ne masu gidaje a ƙasashensu, wasu likitoci, wasu malaman jami'a, sun bar komai sun zo sun cusa kansu a ɗakin da ko shagon mai shayi ya fi shi faɗi. Ba sa sa takalmi. Ba su da zance sai na iska, daga ina za ta zo, yaushe za ta juya. Kowa ka tambaya zai ce maka wata mai zuwa zai tashi, kuma wasu shekararsu uku ke nan suna faɗin haka, suna jiran wani ƙarfe da aka ce an aiko. Akwai wata tsohuwa 'yar Faransa da ke zaune ita da karenta a jirgin da ke kusa da nawa. Wata safiya na ga ta ja igiyar injin kwalekwalenta har sau ashirin, tana zaginsa da yarensu. Na kasa daurewa, na je na kwance kafireto na busa, ja ɗaya ya tashi. Kafin mako ya zagayo duk mashigin ya san da ni. Aka riƙa zuwa da kwalekwale ana ƙwanƙwasa jikin jirgi, wanda shi ne sallamarsu, ana kawo mini injuna, ana biyana da kifi da burodi da ayaba. Injin Bature da na mai albasa duk ciwonsu ɗaya, datti a mai da rashin haƙurin mai shi.

Abinci shinkafa ce da kifi, gobe kifi da shinkafa. Na samu garin masara a kantin tudu na tuƙa tuwo, na kaɗa kukar da matata ta ƙulla mini. Tsohuwar nan ta ɗanɗana, ta ce yana da ban sha'awa, ta miƙa wa karen sauran. Karen ma ya shinshina ya kau da kai.

Salla kuwa na ɗauke ta da gaske fiye da yadda nake yi a gida, don a can ba ladan, ba maƙwabcin da zai buga maka ƙofa. Tun makon farko na kira wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa a Tambuwal, na jero masa tambayoyi. Ana alwala da ruwan teku? Ya ce ana yi. Ni matafiyi ne ko mazauni? Ya ce mazauni, in cika. Sai babbar matsalar: jirgin da ke kan ƙugiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kamar akuya yake a turke, duk inda iska ta juya sai ya bi. Sai ka kabbara kana kallon teku, kafin ka yi ruku'u kana kallon coci. Malam ya ce in ya juya in juya, in bi gabas. Na tambaye shi komai da komai, har hukuncin kaguwa. Inda zan kalla ne kaɗai ban tambaya ba, don wannan ba tambaya ba ce.

A gaban sitiyari akwai kamfas babba a cikin gilashi, mai nuna kusurwoyi huɗu. Nan na mayar masallacina. Ina shimfiɗa darduma a gefensa, in daidaita gabas ba ƙari ba ragi, ina salla ina satar kallon allurar, in jirgi ya karkata in gyara tsayuwa. Da asuba rana takan ɓullo daidai tsakiyar goshina bayan na sallame, in ji daɗi ya kama ni. Har a raina na ce ko limamin Juma'a bai kai ni saita gabas ba, shi da ba shi da kamfas.

Duk Juma'a bayan an sauko, ƙanena yakan je gida ya kira ni ya miƙa wa Baba wayar. Tambayoyinsa uku ne ba sa canjawa.

"Lafiya kake?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ruwan bai taɓa ka ba?"

"Bai taɓa ni ba."

"Kana duban gabas?"

"Ina duba, Baba."

"Madalla." Sai ya mayar da wayar.

Haka muka yi wata bakwai. A na bakwai ɗin takardar zamana ta kusa ƙarewa, dole na je babban tsibiri inda ofishin yake. Tsohuwar ta ce za ta sa ido kan jirgin. Na shiga jirgin fasinja da sassafe, aka buga mini hatimi kafin azahar, ina fitowa ina neman inda zan ci abinci sai na ji kiran salla. Ranar Juma'a ce. Wata bakwai ban ji wannan murya daga bakin wani ba sai nawa. Na tsaya a tsakiyar titi, ƙwalla ta cika mini ido, har wani mai mota ya yi mini hon.

Masallacin ƙarami ne, fari, mutanensa Indiyawa da baƙaƙe da 'yan Larabawa. Na yi alwala da ruwan famfo har ina ɓarna, na shiga na zauna. Sai na ji wani abu bai yi mini daidai ba. Tun da safe na lura da inda rana ta fito, jikina ya riga ya saba da wannan lissafi. Sahun nan ba gabas yake kallo ba. Gabas tana hannun damana, har ta ɗan koma baya. Mutanen nan arewa suke kallo, gari guda, da limaminsu da rawaninsa. Na bi su salla don ba yadda zan yi, amma zuciyata tana tafasa, ina ta karkata kafaɗa dama har na kusa da ni ya jawo ni.

Da aka sallame na ce ba zan tafi da wannan a bakina ba. Na sami wani dattijo Ba'indiye yana naɗe tabarmi, na gaishe shi, na ce masa da Turancina na bakin inji, masallacinku a karkace yake. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce daga ina? Na ce Nijeriya. Ya ce tun yaushe kake nan? Na faɗa masa. Ya ce ina kake kallo in za ka yi salla? Na nuna masa da hannu, da ƙarfina. Bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode masa da wannan. Ya ja ni shagonsa na yadi a bayan masallacin, ya yago bayan kwali, ya zana ɗigo uku. Ya ce nan garinku, nan Makka, kana gida tana wajen fitowar rana. Ya ja biro ya wuce Makka ya gangara ƙasa sosai, ya ce nan kake yanzu. Ka wuce ta, ka baro ta a arewa. Ya karɓi wayata, ya taɓa nan da can, sai ga kibiya tana nuna inda sahunsu ke kallo. Wayar nan tana aljihuna tun ranar da na sauka.

Na ce to wata bakwai ina nake kallo? Ya duba kwalinsa, ya ja layi daga ɗigona zuwa dama har biro ya fita daga takardar. Ya ce ruwa ne dai, sai can gaba wasu tsibirai.

Da na koma jirgi da yamma na zauna a teburin da nake cin abinci. A ƙarƙashin gilashin teburin akwai taswirar tekun gaba ɗaya, mai jirgin ya shimfiɗa ta don ado. Ga tsibirinmu, ga ƙasar Larabawa can sama. Kullum a kanta nake ajiye kwanon tuwo.

Na kira malam. Ya yi salati, sannan ya ce gaskiya ne, shi ma bai kawo wannan a ransa ba. Ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, sallolin da lokacinsu ya fita babu ramuwa a kansa, in gyara daga yau. Na karɓi wannan hannu bibbiyu. Ban tsaya tambayar kaina ko abin da na yi sunansa ƙoƙari ba. Na juya darduma, na sami sabon wuri a jikin kamfas, arewa da ɗan karkata yamma. Kwana uku ina jin kamar na sa riga a bai-bai.

Waccan Juma'ar ƙanena bai same ni a waya ba, sai wata Juma'ar ta zagayo. Na san tambaya ta uku tana zuwa, kuma da na ce ina duba, da magana ta ƙare, don na san abin da yake nufi. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma in faɗi gaskiya, akwai ɗan son in nuna na san abin da bai sani ba.

"Kana duban gabas?"

"Baba, wurin nan ba gabas aka duba ba. Arewa aka duba."

Na ji kukan kaza a bayansa, na ji ƙanena ya yi gyaran murya.

"Mi kac ce?"

Na yi masa bayani, na kawo Makka, na kawo kwali, na kawo dattijon da masallacinsu. Ina magana ina jin yadda take fita, kamar ta wanda aka juya wa kai a ƙasar waje.

"Da can ina kaka duba?"

"Gabas, Baba."

"Wata nawa?"

"Bakwai."

Bai ce madalla ba. Sai muryar ƙanena na ji yana ce mini Baba ya tashi ya shige ciki.

Daga ranar bai sake karɓar waya ba. Duk Juma'a ƙanena zai kira ya ce Baba na gaishe ka, ni kuma na san ba a aiko shi ba. Magana ta fita, kamar yadda take fita a gari irin namu. Matata ta je suna a Tambuwal wata ta tambaye ta, cikin tausayi, wai da gaske ne maigidanta ya shiga wani addini da ake kallon arewa? Na yi fushi, na yi ta faɗa ni kaɗai a cikin jirgi. Alhazai nawa ne a Kebbe, waɗanda suka ga Ka'aba da idonsu, suka ga ana kewaye ta ta kowane gefe? Ba wanda zai je ya gaya wa tsohon nan? Amma fushin na sama ne. A ƙasansa tsoro nake ji. Mutumin da abu ɗaya tak ya taɓa roƙona, yana ganin na saki abin. Kuma ya tsufa, ina iya rasa shi yana kan wannan zato.

Wata biyar na ƙara a haka. Iska ta juya, ruwan mashigin ya riƙa tashi, jirage biyu suka ja ƙugiyarsu suka yi karo, nawa bai motsa ba. Tsohuwar ta sami ƙarfen da take jira, ta ɗaga ƙyalle ta tafi ita da karenta, ta bar mini tukunyar ƙarfe da rabin buhun shinkafa. Sannan mai jirgin ya dawo da sabon ƙugu, yana tafiya ba sanda. Ya zagaya ko'ina, ya tada inji ya saurara, ya rungume ni. Washegari ya ce sai na ga amfanin abin da na yi gadi. Muka ɗaga ƙugiya muka fita, ya kashe inji, muka ja igiyoyi, ƙyallayen suka cika. Jirgin ya kwanta gefe ɗaya ya kama gudu, ba ƙara ba hayaƙi, sai sautin ruwa. Na yarda abin yana da kyau. Na kuma yi amai har sau huɗu.

Ya ce in zauna mu ci gaba tare, akwai tsibirai a gaba da suka fi wannan. Na ce masa ina da magana da babana. Ya san tsohon, ya sha zama a zaurensa lokacin rijiyoyi, don haka bai ja ba.

Kwana ɗaya na yi a Tambuwal na hau babur zuwa Kebbe. Na zo da shirina. Kwalin dattijon yana jakata, na sayi taswira, na kuma yi magana da wani alhaji maƙwabcinmu ya zo ya ba da shaida in ta kama. Na sami Baba a zaure, ya rame, ya ƙara tsufa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar daga kasuwar ƙauye na dawo, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya ce a kawo mini fura. Kafin na buɗe jaka aka kira azahar.

Muka je masallaci tare, ya tsaya a gefena a sahu, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Da muka dawo gida ban kai ga zama ba sai na ga ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya tayar da iƙama a hankali. Nafila ba ta da iƙama. Ya yi raka'a huɗu. Na ce ko mantuwar tsufa ce ta fara. Da la'asar ma haka, muka dawo daga masallaci ya sake huɗu. Na ja ƙanena waje na tambaye shi. Ya ce tun Juma'ar nan da kuka yi waya yake haka, kowace salla sau biyu, kuma ya hana a gaya maka.

Na koma zaure. Yana zaune yana matsa gwiwarsa ta hagu, wadda saniya ta taɓa harbi.

"Baba, sallar mi ta wagga kaka ƙarawa?"

Ya ci gaba da matsa gwiwar.

"Ta wata bakwai."

"Ai ni nay yi kuskuren."

"Kai abin da anka ce maka kay yi. Ni nac ce gabas. Kowace Jumma'a nika tambayarka, kana cewa kana duba, ni ko ina jin daɗi."

Na ce to me ya sa ya daina karɓar waya, na yi zaton fushi yake da ni.

"In karɓa in ce maka mi? Abu guda nab ba ka ka tafi da shi, shi ma ba daidai ba."

Na ce masa malamai sun ce babu ramuwa, na tambaya. Na ce ko da akwai, ba wanda ke yi wa wani salla.

"Na jiya. Liman ma ya zaka har nan ya gaya min."

"To, Baba?"

"Ba liman yaɓ ɓatar da kai ba."

Kwalin da taswirar suna jaka, ban fito da su ba. Na tambaye shi saura nawa, ya ce wata biyu.

Da magariba muka dawo daga masallaci, ya shimfiɗa buzu. Na cire takalmi na tsaya a damansa. Ya juyo ya dube ni, ya ce in tashi in ba shi wuri, ba ni da komai a ciki. Na ce Baba ko rabi ne. Ya nuna mini ƙofa da haɓa.

Na fita na zauna a dakali. Shanu suna shigowa, yara suna kora su. Daga inda nake ina jin ƙarar gwiwarsa duk lokacin da zai tashi daga sujada, da nishin da yake ƙoƙarin haɗiyewa don kada na ji. Raka'a uku ce, ta ɗauke shi lokacin da ni zan yi goma. Na rufe rumfata na zauna a Kebbe wata biyun nan, kullum sau biyar ina kan dakalin. Har ya gama bai bar ni na taya shi ko guda ɗaya ba.